Hayar gida

Hayar gida yarjejeniya ce da mai gida yake ba wani damar zama a gidansa har zuwa wani wa'adi sananne, shi kuma ya biya kuɗi sananne. Abin da ɗan haya yake saya shi ne amfanin gidan, gidan kansa kuwa yana nan a hannun mai shi. Daga wannan rarrabewa ne yawancin hukunce-hukuncen haya suka fito: wa zai gyara rufi idan ya fara yoyo, wa ke da izinin shiga, me zai faru idan aka sayar da gidan da mutum a ciki, yaushe kuma za a iya ce masa ya tashi. Amsoshin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga birni zuwa birni a ƙasa ɗaya, saboda haka dokar wurin da gidan yake ita ce abin dubawa na farko.

Tarihi

Mafi daɗewar takardun haya da suka iso hannun masu bincike na yumɓu ne, daga Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, da garuruwan da ke kewaye da ita. A cikinsu ana samun sunan mai gida da na ɗan haya, da adadin azurfar da za a biya a shekara, da sunayen shaidu, sau da yawa kuma da sharaɗin cewa ɗan haya ne zai riƙa gyara rufi da gindin bango. Dokokin Hammurabi, waɗanda ake kyautata zaton an rubuta su wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, suna da wani sashe da aka haɗo daga gutsattsarin alluna: idan ɗan haya ya biya kuɗin shekara cif, mai gida kuma ya tashe shi kafin lokacinsa ya cika, to mai gidan ya yi asarar kuɗin da aka ba shi.

A birnin Rum na zamanin dauloli, talakawa galibi a haya suke zaune, cikin dogayen benaye da ake kira insula, masu yawan gobara da rushewa, har sai da Sarki Agustas ya ƙayyade tsayin sababbin gine-gine a ƙafa 70. Ranar 1 ga Yuli ce ranar da hayar shekara ta saba ƙarewa, ranar kwashe kaya. Dokar Rumawa ta fi karkata ga mai dukiya. Kayan da ɗan haya ya shigo da su gidan ana ɗaukarsu tamkar jingina ce ta kuɗin haya, kuma idan aka sayar da gidan, sabon mai shi yana iya fitar da wanda ya tarar a ciki, sai dai shi ɗan hayar ya koma ya bi tsohon mai gidan diyya. Tsadar haya ta kai ta zama maganar siyasa: an ruwaito cewa Yuliyus Kaisar ya yafe wa mazauna birnin kuɗin hayar shekara guda, iyakar wani adadi da ya yanke.

Malaman fiƙihu sun tattauna haya a babin ijara, wadda suka fassara da sayar da amfani. Malikawa sukan keɓe kalmar kira'i ga hayar gida da ƙasa da dabbar hawa, su bar ijara ga aikin mutum. Sharuɗɗan da aka fi nanatawa su ne a san kuɗin, a san wa'adin, amfanin kuma ya zama halal wanda za a iya miƙawa. Gida amana ne a hannun ɗan haya, don haka ba ya ramuwar abin da ya lalace sai idan ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka ba shi. An yi saɓani kan mutuwa. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya faɗa a Risala cewa haya ba ta warwarewa don mazaunin gidan ya rasu, ra'ayin da Shafi'awa da Hambalawa ma suke a kai, alhali Hanafawa suna ganin rasuwar ɗayan biyun tana kawo ƙarshenta. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta tsara waɗannan hukunce-hukunce a Majalla, kundin da aka tattara tsakanin 1869 da 1876, inda littafi na biyu gaba ɗayansa a kan ijara yake.

Kundin dokokin Faransa na 1804 da na Jamus da ya fara aiki a 1900 sun juya tsohuwar ƙa'idar Rumawa: sayarwa ba ta karya haya, mai saye yana gadon yarjejeniyar da ya tarar. Amma babban sauyin ya zo ne da Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1915 ma'aikata suka cika birnin Gilasgo na Birtaniya saboda masana'antun makamai da na jiragen ruwa, masu gidaje suka ƙara kuɗi, mata kuma, waɗanda mazajen da yawa daga cikinsu suna fagen daga, suka ƙi biyan ƙarin. Mary Barbour ce ta fi shahara a cikin jagororinsu. An ƙiyasta cewa magidanta kusan 20,000 ne suka shiga yajin kafin watan Nuwamba, kuma a watan Disamba majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar da ta tsayar da hayar ƙananan gidaje a kan yadda take a watan Agustan 1914. Daga nan ƙasashe da dama suka bi sahu, wasu na ɗan lokaci, wasu har yau.

A Amurka, dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta haramta hana mutum haya saboda launin fata ko addini ko asalin ƙasa. A 1974 aka ƙara jinsi, a 1988 aka ƙara naƙasa da kasancewar mutum yana da yara. A 1970 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Washington ta yanke, a shari'ar da aka sani da sunan Javins, cewa duk wanda ya ba da hayar gidan zama ya yi alkawarin gidan zai zaunu, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Nema da tantancewa

Mai neman gida yakan cike fom, ya nuna katin shaida, da hujjar abin da yake samu, kamar takardar albashi ko bayanin asusun banki, wani lokaci da wasiƙar tsohon mai gidansa. A ƙasashen da ake ajiye tarihin bashin mutane, akan duba wannan tarihi. Dokar Amurka ta 1970 kan rahoton bashi ta wajabta wa mai gida ya sanar da mai nema idan rahoton ne ya sa aka ƙi shi, ya kuma faɗa masa kamfanin da ya haɗa rahoton, don ya iya gyara kuskure idan akwai. Faransa ta bi wata hanya: wani umarnin gwamnati na 2015 ya jera takardun da mai gida yake da damar nema, abin da ba ya cikin jerin kuma ba a tambayarsa.

Ɗalibi ko wanda bai daɗe da fara aiki ba akan ce ya kawo mai tsaya masa. Wannan tsayawa ba ta shaida kawai ba ce. Wanda ya sa hannu ya ɗauki nauyin biyan bashin haya, sau da yawa har da kuɗin ɓarna, kuma a wasu yarjejeniyoyin nauyin ba ya sauka ko an sabunta hayar.

Shi ma mai nema yana da tasa tantancewar. Damfarar da ta fi yawa a wannan harka tsohuwa ce, intanet dai ta ƙara mata ƙafa: a sa hoton gidan wani a talla da araha mai jan hankali, a ce mai gidan ya yi tafiya, masu so kuma sun yi yawa, sai a turo kuɗi kafin a ga wuri. Wata kuma ita ce a karɓi kuɗin mutum uku ko huɗu a kan ɗaki ɗaya. Abin da aka saba shawarta shi ne kada kuɗi su fita sai an shiga gidan da ƙafa, an tabbatar wanda ake magana da shi mai gidan ne ko wakilinsa mai izini, an kuma karɓi rasit mai ɗauke da suna da kwanan wata da abin da aka biya dominsa.

Kuɗin da ake biya kafin shiga

Kuɗi iri huɗu ne aka saba haɗuwa da su, kuma rikici yakan taso idan aka cakuɗa su. Akwai kafin alƙalami, wanda ake bayarwa don a riƙe wa mutum gidan kafin a gama takardu. Akwai kuɗin haya na gaba. Akwai la'adar dillali. Sai kuɗin ajiya, waɗanda har yanzu na ɗan haya ne, an dai riƙe su ne saboda ɓarna ko bashi.

Kuɗin ajiyar ne dokoki suka fi tsanantawa a kai. A Jamus ba sa wuce hayar wata uku, ana iya biyansu kashi uku, kuma dole mai gida ya ware su daga dukiyarsa. A Faransa, ƙarƙashin dokar 6 ga Yuli 1989 da gyare-gyarenta, wata ɗaya ne ga gidan da babu kaya a ciki, wata biyu ga mai kaya. A Ingila tun Afrilun 2007 dole a sa su a wani tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi, dokar 2019 kuma ta tsayar da su a hayar mako biyar ga yawancin gidaje, kafin alƙalami a mako ɗaya, ta kuma hana ɗora wa ɗan haya mafi yawan kuɗaɗen dillalai. Afirka ta Kudu, a dokarta ta 1999, ta ce a ajiye su a asusun banki mai kawo kuɗin ruwa, kuɗin ruwan kuma na ɗan haya ne. Game da biyan haya tun gaba, dokar Gana ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida, ko da yake an daɗe ana kukan ba a bin ta.

Gabashin Asiya na da nata salon. A Japan, ban da kuɗin ajiya, akan ba mai gida kuɗin godiya da ake kira reikin, waɗanda ba a mayarwa. A Koriya ta Kudu akwai tsarin jeonse, inda ɗan haya yake ajiye dunƙulallen kuɗi da sukan kai rabin darajar gidan ko fiye, ya zauna galibi shekara biyu ba ya biyan na wata-wata, a mayar masa da kuɗinsa idan zai tashi. Faɗuwar farashin gidaje da damfara a 2022 da 2023 sun sa mutane da yawa sun rasa nasu.

Takardar yarjejeniya

Yarjejeniyar baka tana da ƙarfi a dokokin ƙasashe da yawa, musamman ta gajeren lokaci, sai dai tabbatar da ita a gaban alƙali ne da wuya. Rubutacciya takan ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu, adireshin gidan, ranar shiga da ta ƙarewa, kuɗin haya da ranar biya, wanda zai biya wuta da ruwa da kwasar shara, yawan masu zama, da hukuncin ajiye dabba ko ba wani hayar ɗaki a ciki. Inda mutane suka haɗu suka sa hannu a takarda ɗaya, sau da yawa kowannensu ana iya binsa dukan kuɗin, ba kasonsa kaɗai ba. Alkawarin da mai gida ya yi da baki, kamar cewa zai yi fenti ko ya canza famfo, idan bai shiga takarda ba yakan bi iska. A gefe guda, sharaɗin da ya saɓa wa doka ba ya zama halal don an sa masa hannu.

Duba gida

Ranar karɓar makulli akan zagaya gidan tare, a rubuta halin da bango da ƙofofi da tagogi da banɗaki suke ciki, a ɗauki hotuna, a rubuta lambar da mita take kai. Faransa da Afirka ta Kudu sun sa wannan zagaye a cikin doka, a shiga da kuma a fita. Da wannan takarda ake rarrabe ɓarna da tsufa: fentin da ya koɗe bayan shekaru na mai gida ne, ƙofar da aka ɓalle ta ɗan haya ce.

Gyara da shiga gida

Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce ginin kansa, da rufi, da wayoyin lantarki, da bututun ruwa, nauyin mai gida ne. Tsabta da ƙananan gyare-gyare na ɗan haya. A kan ɗan haya ne ya kai rahoton matsala da wuri, a rubuce, domin yoyon da aka yi shiru a kansa har ya ruɓar da silin ana iya ɗora masa. Riƙe kuɗin haya don mai gida ya ƙi gyara abu ne mai haɗari. Dokar Jamus ta yarda a rage kuɗin gwargwadon aibin, amma a wurare da yawa wanda ya daina biya shi ne yake zama mai laifi.

Mallakar gida ba ta ba mai shi damar faɗowa ciki yadda ya ga dama. Sai da sanarwa, wadda a Ingila da wasu jihohin Amurka aka saba ƙayyade ta da awa 24, in ban da gaggawa irin ta gobara ko fashewar bututu.

Ƙayyade kuɗin haya

Masana tattalin arziki da yawa suna ganin ƙayyadewa tana rage yawan gidajen haya da kula da su. Masu goyon baya suna cewa tana hana a kori mutane daga unguwanninsu da tsada. Berlin ta daskarar da kuɗin haya a 2020, kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar a Afrilun 2021 bisa dalilin cewa hurumin tarayya ne.

Tashi da kora

Haya tana ƙarewa da cikar wa'adi, ko da notis, ko da yardar juna, ko da hukuncin kotu. Tsawon notis ya bambanta ƙwarai. Ɗan haya a Jamus yana ba da wata uku, mai gida kuwa sai ya kawo dalilin da doka ta karɓa, kamar buƙatar gidan don kansa ko iyalinsa. A Faransa mai gida yana ba da wata shida kafin ƙarshen yarjejeniya idan gidan babu kaya a ciki, wata uku kuma idan mai kaya ne. Wanda ya tashi kafin lokacinsa ba tare da wani sharaɗi da ya ba shi dama ba, ana iya binsa kuɗin sauran watannin.

A yawancin dokokin zamani mai gida ba ya kora da hannunsa. Canza makulli, yanke wuta ko ruwa, da watso kaya waje laifi ne a Ingila ƙarƙashin dokar 1977, ko da ana bin mutum bashi. Tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996, a sashe na 26, ya hana fitar da kowa daga gidansa sai da umarnin kotu. Faransa kuma tana dakatar da aiwatar da kora a lokacin sanyi, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, ko da hukuncin kotu ya riga ya fito. Bashin hayar dai yana ci gaba da taruwa a kan ɗan hayar.