Masu koyon ƙira a gida: ga amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Shekara 9 ke nan ina ƙira a rumfar da ke bayan gidana, Asabar da Lahadi kawai. Ni ba ɗan gado ba ne, sha'awa ce ta kai ni bakin wuta. Tun da 'yan'uwa masu irin wannan sha'awa suka fara kawo mini abin da suka ƙera, wannan da wuƙarsa, wancan da ɗan gatarinsa, tambayoyin nan dai su ne suke ta dawowa. Na amsa da baki har na gaji. Ga su a rubuce.

Ban gaji ƙira ba, zan iya koya?

Za ka iya. Amma ka je ka gai da waɗanda suka gada, ka durƙusa, ka yi musu zuga.

Me zan fara saya?

Guduma, awartaki, gawayi. Guduma mai nauyin kilo 1 ta ishe ka. Masaba ba ta mai koyo ba ce, za ta kashe maka kafaɗa kafin ƙarfe ya ji komai.

Ba ni da uwar maƙera, ina zan samu?

Duk dunƙulen ƙarfe mai nauyi da shafaffen kai zai yi. Kan babbar guduma ma, in ka kafe shi a kututture, ya wadatar. Ka zaga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Katako in kana Yamai, ba za ka rasa ba. Kuma ina roƙonku, ku daina tambayata ƙarfen layin dogo. Wanda aka kwanto daga kan hanyar jirgi kayan sata ne, kuma rayukan mutane ne a kansa. Ba na saye, ba na nuna wa kowa inda ake sayarwa.

Na ƙera wuƙa da rodin gini, ta yi kyau, amma ba ta riƙe kaifi. Me ya faru?

Rodi ya faru. Abin da ke sa ƙarfe ya karɓi tauri shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa, kuma ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba, ko ka tsoma shi sau goma ba zai taurara yadda baki ke so ba. Rodi kuwa narkakken tarkace ne, wani ya ɗan taurara, wani ya ƙi. Ka yi ƙugiya da shi, ka yi maratayi, ka koyi miƙewa da lanƙwasa. Kada ka ɓata ranarka kana yi masa baki.

Zugazugin fata ko na ƙafar keke?

Wanda ka samu. Iska dai ake nema.

Akwai ƙarfen da bai kamata ya shiga wuta ba?

Wannan ce tambayar da ya kamata ku fara yi, amma ba mai yinta sai ya kwanta ciwo. Bututun ruwa mai farin shafi, kwanon rufi, waya da noti masu ƙyalli, yawanci an shafe su da zinki. In suka ji wuta sai ka ga farin hayaƙi yana tashi, ka shaƙa, da dare zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon ƙirji su rufe ka, ka ce sauro ne. Ba sauro ba ne. Haka kuma duk abin da yake a rufe, kamar tukunyar gas ko bututun da aka toshe bakinsa biyu, ba ya kusantar wuta. Kuma kada wanda ya hura gawayi a ɗaki a rufe don sanyin hunturu. Iskar da ke kisa a gawayi ba ta da wari, barci kawai za ka ji.

Na samu sifirin mota zan yi wuƙa. In tsoma a ruwa ko a mai?

To, nan ne zan daɗe, kuma duk wanda ya ba ka amsa da kalma ɗaya bai fasa ƙarfe da yawa ba.

Da farko, ba ka san abin da ke hannunka ba, ni ma da za ka miƙo mini ba zan sani da ido ba. Yawancin sifirin mota kabon ɗinsa yana wajen kashi 0.6 cikin 100, kuma irin wannan mai ya fi so. Na ce yawanci. Wanda ka tsinto wajen 'yan gwangwan ba ya zuwa da takarda, kuma ya yi shekaru yana ɗaukar lodi a kan ramuka, ta yiwu da 'yan tsage-tsage a cikinsa da ido ba ya gani. Saboda haka kafin ka taɓa wuƙar, yanki ɗan guntu biyu daga sifirin, ka buga su su yi falen bakin wuƙa, ka gasa, ka tsoma ɗaya a mai ɗaya a ruwa. In sun huce ka goga musu magagari. In magagarin ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba, tauri ya kama. In ya ci ƙarfen, bai kama ba. In na mai ya taurara, magana ta ƙare, ka bar ruwa. Ruwa sai in mai ya gaza.

Na san abin da za ka ce: ai maƙeran garinmu a ruwa suke tsomawa. Gaskiya ne, kuma ba kuskure suke yi ba. Na zauna gaban wani dattijo da ya gaji ƙira kaka da kakanni, na ga yadda yake yi da gatari. Ba ya nutsar da shi duka. Bakin kawai yake dangwalawa, ya ɗaga, ya goga shi a dutse ya yi fari, ya zuba ido yana kallon zafin da ya rage a jikin gatarin yana gangarowa baki yana sauya launi, sai ya kai inda yake so ya tsunduma shi gaba ɗaya. Na ce, "Baba, yaya kake gane lokacin?" Ya ce, "Yaro, kai dai yi zuga." Hannunsa ya yi wannan sau dubbai. Naka bai yi ba. Kuma gatari kauri gare shi, wuƙarka siririya ce. Wuƙa ta farko da na tsoma a ruwa, ina riƙe da awartaki na ji wata 'yar ƙara, ƙis, kamar an karya tsinke. Da na fito da ita tsaga ta ratsa daga baki har gadon baya. Aikin kwana uku ne ya tafi.

Wane mai? Man gyaɗa ko kowane man girki mara kauri ya yi, a ɗan ɗumama shi har ya zama ba ka iya barin yatsa a ciki da daɗewa, wajen digiri 50 ke nan. Mai sanyi kauri gare shi, ba ya janye zafi da sauri. Baƙin mai na mota, na san da yawa suna amfani da shi don arha, yana kuma taurarawa wani lokaci, amma hayaƙinsa guba ne, ni na daina. A sa man a gwangwanin ƙarfe mai murfi, ba roba ba, don yana kamawa da wuta. In ya kama a rufe shi, kada a watsa ruwa.

Sai zafin da za ka tsoma a kai, wanda nan ne mafi yawanku kuke faɗuwa, ba a wajen ruwa ko mai ba. Kuna gasa ƙarfe har ya yi ruwan ɗorawa sannan ku tsoma. Ya yi yawa. Nemi mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika. Ƙarfe yana daina kama shi a wajen digiri 770, sifiri kuma yana son ya ɗan wuce nan kaɗan, kusan 830. Wato in maye ya saki, ka mayar wuta ka ƙara masa ɗan ja kaɗan, ka tabbata launin ya daidaita daga tsini har gindi, sannan ka tsoma a tsaye, tsini ya fara shiga. Motsa ta sama da ƙasa, kada ka kaɗa ta gefe da gefe, za ta karkace. A inuwa ake wannan aiki ko bayan magariba, don a rana tsaka ido ba ya ganin jan ƙarfe daidai. Kafin duk wannan, ka gasa ta ta yi ja ka bar ta ta huce a iska sau 2 ko 3, don gajiyar duka ta sake ta. Kuma kada ka wasa bakin ya yi kaifi tukuna, bar masa kaurin kamar milimita 1.

In ta fito da tauri, ba ka gama ba. A wannan hali in ta faɗi a siminti tana iya karyewa. Dole a sassauta taurin a ranar, ba gobe ba. Goge ta ta yi fari, ka ɗora gadon bayanta a kan ƙarfe mai zafi, baki yana sama, ka kalli launi. Zai fara da na busasshiyar ciyawa, wajen digiri 200 zuwa 230, ya koma ruwan zuma, ya koma shunayya, ya kai shuɗi a wajen 300. Wuƙar girki, da baki ya yi launin ciyawa ka ɗauke ka sanyaya. Adda da gatari a bar su su ƙara duhu, don duka suke sha. In shuɗi ya kai bakin wuƙa ya yi laushi, sai ka sake daga farko.

Ko ka bi duk wannan, wata za ta tsage. Ba lallai laifinka ba ne, wani sifirin da ciwonsa ya zo. Kada ranka ya ɓaci. Karya ta ka dubi cikinta: in ya yi laushi kamar toka, zafinka daidai ne. In ya yi tsaki-tsaki kamar yashi, to gashin da ka yi mata ya wuce kima.

Wane gawayi ya fi?

Na ƙirya, shi maƙera suka fi nema, yana da nauyi yana riƙe wuta. Farfasa shi ya yi kamar goro. Amma ƙirya tana ƙarewa a dazukanmu, kada ka hura wuta ka tafi hira.

Ga wuƙata, ta yi kyau ko?

Kullum sai an nuna mini wannan: ruwan wuƙa yana sheƙi kamar madubi, an yi mata mariƙi na ƙaho, an ɗinka mata kube wajen dukawa. Madalla. Me ta yanka? Injin wasa ƙarfe ne ya yi sheƙin, ba kai ba. Kawo mini ita bayan ta yi aikin layya, ta feɗe rago ta daddatsa, in ga ko bakin ya lanƙwashe ko ya gutsure. Wani ƙanena da ya fara bara ya kawo mini ƙusa 20 da ya ƙera, baƙaƙe, ba ƙyalli, amma duk tsayinsu ɗaya, kawunansu a tsakiya. Na fi murna da su fiye da wuƙaƙe goma masu sheƙi, don wannan hannun ya fara jin magana.

Ina kallon Turawa suna ƙira a YouTube, ba su fi namu iyawa ba?

Kayan aiki suka fi mu, kuma akwai abin koyo wajensu, musamman lissafin zafi. Amma a Taruga, kusa da Abuja, an tono matoyar tama da ta haura shekara 2,000. Tarihin baka na Kano ma ya ce maƙera ne, Abagayawa, suka taso daga Gaya suka zauna a Dala saboda tama. Mutumin da ya san irin lanƙwasar da ruwan garma ke bukata don ƙasar garinku yana nan a kasuwarku, kana wuce shi kullum.

Akwai maganin wuta da za a ba ni?

Ka ga wasan wuta na maƙera ranar biki, shi ya sa. Wannan na gidansu ne, ban shiga ba. Kai sa tabarau mai kare ido, sa rigar auduga, kada ka sa ta leda mai narkewa a jiki, sa takalmi rufaffe. Ƙarfe yana komawa baƙi alhali yana iya ɗaye maka tafin hannu, don haka duk abin da ke kusa da wuta da awartaki ake ɗauka. Ka kuma kori yara daga wajen.

Wasu samari sun ce in ƙera musu barandami da doguwar wuƙa, za su biya da kyau.

A'a. Ka san abin da za su yi da su.

Maƙwabta suna ƙorafin ƙara.

Suna da gaskiya. Ɗaure uwar maƙerarka da kyau a kututture, ka naɗe ta da sarƙa, amon zai ragu. Kada ka yi duka da asuba, ko lokacin salla, ko bayan isha'i. In matar maƙwabcinka ta aiko da wuƙarta ta dakushe, wasa mata kyauta.