Gadar Triana ta Sevilla da abincin unguwar da ke gindinta

Gadar Triana gadar ƙarfe ce a birnin Sevilla dake kudancin Sifaniya, a yankin Andalus, garin da littafan Larabawa suke kira Ishbiliya. Sunanta a takarda gadar Isabel ta Biyu, saboda a zamanin wannan sarauniyar aka gina ta, amma mutanen gari ba mai kiranta haka, kowa gadar Triana yake cewa don ita ce ke haɗa tsakiyar birni da tsohuwar unguwar Triana dake tsallaken kogin Guadalquivir. An fara aikinta a 1845 aka buɗe ta a watan Fabrairun 1852, kuma tana cikin gadojin ƙarfe mafiya tsufa da suka rage a tsaye a ƙasar Sifaniya. Shi kansa sunan kogin daga Larabci ya fito, wato al-Wadi al-Kabir, babban kogi.

Kafin ƙarfe

Abin da zai ba mutum mamaki shine babban gari kamar Sevilla, wanda dukiyar nahiyar Amurka ta dinga shigowa ta tasharsa shekara da shekaru, bai samu tsayayyar gada ba sai tsakiyar ƙarni na 19. Dalili kuwa kogin ne, ƙasan shi laka ce mai taushi, ga ambaliya duk bayan ƴan shekaru, ga kuma ruwan teku da yake turowa har cikin gari ya koma. To a 1171 halifan Muwahhidun, daular Musulmi da ke mulkin garin a lokacin, Abu Yakub Yusuf, ya sa aka yi gadar jiragen ruwa, aka jera jirage aka ɗaure su da sarƙoƙi sannan aka shimfiɗa katako a kai, in ruwa ya hau gadar ta hau da shi, in ya sauka ta sauka. Ta wannan hanyar ne man zaitun da hatsi da kayan lambu na gonakin Aljarafe, tudun dake yamma da gari, suke shiga birni. Shi yasa ma da sarki Fernando na Uku na Kastila ya kewaye garin da yaƙi, abin da ya karya lagon mutanen ciki shine fasa gadar nan, a watan Mayun 1248 jiragen Ramón Bonifaz, shugaban mayaƙan ruwa na sarkin, suka daki sarƙar suka tsinke ta, hanyar abinci ta yanke, zuwa Nuwamba garin ya miƙa wuya. Waɗanda suka ci garin basu watsar da gadar ba, gyarawa suka yi suka cigaba da amfani da ita, ana ta faci ana sauya jirage har kusan shekara 680.

Ginin

Injiniyoyi biyu ne ƴan Faransa suka ɗauki aikin, Steinacher da Bernadet, kuma salon gadar Carrousel ta birnin Paris suka kwaikwaya, wadda injiniya Polonceau ya gina a 1834. Ita waccan ta Paris ɗin an rushe ta tun shekarun 1930. Ƙarfen kuma ba shigo da shi akayi a ƙere ba, a cikin garin aka zuba shi a masana'antar Narciso Bonaplata.

Tsawonta kamar mita 150 ne, baka uku a kan ginshiƙan dutse guda biyu a cikin ruwa. Kowane baka bututun ƙarfen zubi ne da aka cusa wa katako a ciki, sannan tsakanin bakan da titin sama akwai zobba na ƙarfe, manya a kusa da ginshiƙi suna ƙanƙancewa har su kai tsakiya. Zobban nan su ne fuskar gadar, da yamma in rana ta yi sanyi sai kaga inuwarsu a ruwa ta haɗu da su sun zama kamar sarƙa ninki biyu, gaskiya wanda ya zana abin nan ya san kyau. Da motoci suka yi yawa nauyi ya fi ƙarfin ta, har wasu suka kawo shawarar a rushe a yi sabuwa, amma mutanen gari suka ƙi, a 1976 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa, a 1977 aka gama saka mata sabon titi mai ɗaukar nauyin kansa. Yanzu bakan da zobban basa ɗaukar kaya, an bar su ne don tarihi da ado. Ruwan dake ƙarƙashinta ma yanzu ba ainihin kogin mai gudu bane, an karkatar da babban ruwan ta yamma saboda ambaliya, wannan reshen ya zama kwantacce, masu tseren kwale-kwale ke atisaye a kai.

A bakin gadar ta ɓangaren Triana akwai ɗan ƙaramin coci na jan bulo da tayil mai suna Carmen, aikin Aníbal González na 1928, sai dandalin Altozano.

Kasuwa da abinci

Kana sauka daga gadar ta hannun dama sai kasuwar Triana. A kan kangon ganuwar San Jorge aka kafa ta a ƙarni na 19, ganuwar da kotun bin diddigin aƙida ta cocin Katolika ta zauna a ciki tun 1481, inda aka tsare mutane da yawa musamman Yahudawan da suka shiga Kiristanci ana zarginsu da riƙe addininsu a ɓoye. Har yanzu ragowar ginin na nan a ƙarƙashin kasuwar. A sama kuwa rumfuna ne kowacce da sunanta da lambarta a rubuce a jikin tayil, don Triana unguwar magina tukwane ce tun fil azal. Da safe zaka tarar da kifi a jere kan ƙanƙara, mai kifi na fere shi yana hira da tsofaffin mata masu jan ƴar jakar cefane mai taya, gefe kuma ga mai zaitun da robobinsa, akwai manzanilla ƙanana akwai gordal manya masu tsoka, wasu an fasa su an jiƙa da tafarnuwa da ganyen ƙamshi. Kalmar da suke kiran zaitun da ita, aceituna, da ta mai, aceite, duk Larabci ne, az-zaituna da az-zait.

Abincin da aka fi sanin bakin kogin nan da shi soyayyen kifi ne, pescaíto frito a bakinsu. Ba wani haɗi mai yawa, gishiri ne da fulawa mai ɗan tsakitsaki, a kaɗe ta sosai a jefa a man zaitun mai zafi a tsame da wuri, a zuba a takarda da aka naɗe kamar mazurari mutum ya tafi yana ci da hannu. Ƙananan kifi boquerones ake soyawa haka da kuma chocos, wata halittar teku mai taushin jiki da hannaye da yawa. Amma wanda ƙamshinsa ke cika lungu shine adobo, yankakken kifin cazón ne, wani ƙaramin kifin shak, da ake jiƙawa ya kwana cikin ruwan khal da tafarnuwa da kammun da garin jan tattasai kafin a soya, asalin dabarar don kar kifi ya lalace ne a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40.

Sai alayyaho da waken garbanzo, wake ne mai kama da gurjiya. Ana soya burodi da tafarnuwa a daka su da kammun da ɗan khal, a juye kan alayyahon a barshi ya dahu har mai ya taso, a kawo a ɗan kaskon ƙasa da soyayyen burodi a soke a gefe. Abincin talaka ne kuma na lokacin azumin Kirista da basa cin nama, kuma a ganina ba abin da ya kai shi nuna ɗanɗanon garin. Lokacin zafi gazpacho ake sha, markaɗen tumatir da tattasai da kokwamba da man zaitun mai sanyi, a watan Mayu da Yuni kuma shaguna sukan manna takarda cewa dodon koɗi ya samu, ƙanana ne ake dafa su a romo mai yaji.

Yanda ake cin ma al'ada ce, tapas suke cewa, ɗan faranti kaɗan a nan a ci a tsaye, a matsa shago na gaba a ƙara wani. Abincin rana sai wajen ƙarfe 2 zuwa 3, na dare kuwa kafin 9 ba'a ma fara ba. Musulmin da ya je wajen ya lura da kyau, naman alade ya shiga girkinsu sosai, jamón da pringá da chorizo duk akwai alade a ciki, har miyar tumatir mai kauri ta salmorejo akan barbaɗa mata jamón a sama, wasu girkin kuma da giya ake yi, don haka tambaya kafin a ci ta zama dole. Kifin da alayyahon da zaitun su suka fi sauƙi.

A ƙarshen watan Yuli unguwar ke bikinta na Velá na Santa Ana, sunan tsohon cocin da aka fara ginawa a ƙarni na 13. Ana ƙawata gadar da fitilu, a kafa rumfuna a titin Betis dake bin gaɓar ruwa, hayaƙin gasasshen kifin sardin ya turnuƙe ko'ina, ana saida ɗanyen ƴaƴan avellana koraye da ba'a cika ganinsu ba sai lokacin. Da rana kuma ana wasan cucaña, a ɗaura doguwar sanda a gaban jirgi a shafe ta da kitse a sa tuta a ƙarshenta, samari su dinga takawa ɗaya bayan ɗaya suna zamewa cikin ruwa, jama'a kuma sun cika kan gadar da gaɓa suna ihu har sai wani ya cafko tutar.