Igiyar ruwa da iska a gaɓar Lome da Kwatano: amsar tambayoyin da ƴan Yamai ke ta maimaitawa

Da hutun lakkol ya matso, ƴan kasuwa kuma suka fara haramar sauka kudu jiran kaya a tashar jiragen ruwa, sai tambayoyin nan su dawo kamar ba a taɓa amsa su ba. To ga su wuri ɗaya. Maganar gaɓar rairayi ake yi, daga Lome zuwa Aneho, Giran Popo har Kwatano, inda igiya ke fashewa galibi a kan yashi. A karanta tun kafin a hau mota.

Na iya ninkaya a kogi nan Yamai, ai ya isa ko?

Bai isa ba. Kogi gefe ɗaya yake tafiya, ka san inda zai kai ka. Teku yana turo ka, ya janye ka, ya kuma kwashe ka gefe, duk a lokaci guda. Tafkin Tabalak kuwa ko kusa ba ya cikin wannan lissafi.

Me za mu tarar daga Yuni zuwa Satumba?

Igiya mafi ƙarfi ta shekara. Yawancin kwanaki tana tsakanin mita 1 da mita 1.5, wasu ranakun Yuli da Agusta ta kai mita 2 ko ta wuce. Iska daga kudu maso yamma take busowa, wato daga teku zuwa tudu, ita ce dai iskar da ke kawo mana damina. Ruwan ma yana yin sanyi: a Maris da Afrilu yakan kai digiri 28 zuwa 29, amma daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yana tasowa sama, sai ya sauko wajen 25 ko ƙasa da haka.

Ranar da muka je babu iska ko kaɗan, amma igiya kamar gini. Ta yaya?

Domin ba a nan aka haife ta ba. Igiya iri biyu ce. Akwai wadda iskar wurin ke tayarwa nan take, gajeruwa, a hargitse, tana zuwa kowane sakan 5 zuwa 7. Akwai kuma igiyar nesa, wadda guguwa ta tayar can kudancin tekun Atlantika, tsakanin Amurka ta Kudu da Afirka ta Kudu. Lokacin da muke damina su suna tsakiyar sanyi, guguwarsu ta fi yawa, shi ya sa igiya ta fi ƙarfi a gaɓar a watannin nan. Igiyar da ke zuwa kowane sakan 14 tana cin kusan kilomita 40 a awa, ba ta tsayawa dare da rana, ta yi wajen mako guda a hanya. Ta iso sama garau, rana fes, kai kana cewa yau lafiya lau.

Lambobin nan na Windguru da Windy, shafukan hasashen iska da igiya a waya, wanne zan duba?

Duka huɗu: tsayi, tazara, inda igiyar ta fito, da iska. Mutane suna duba tsayi su rufe waya, kuma nan kuskuren yake. Tazara ita ce sakan nawa tsakanin igiya da ta bayanta, kuma ita ke faɗa maka yawan ruwan da ke tafe. A ruwa mai zurfi, igiya mai sakan 7 tsawonta daga ƙoli zuwa ƙoli wajen mita 76 ne, mai sakan 14 kuwa ya haura mita 300. Ko da an rubuta musu tsayi ɗaya, ta biyun idan ta taka tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa sai ta miƙe ta fi abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Sannan lambar tsayin matsakaici ne na kashi ɗaya cikin uku na manyan igiyoyi, don haka lokaci-lokaci za a samu wadda ta kusa ninka shi. Iska kuma, idan shafin ya rubuta ta da kt, ninka da 1.85 ka samu kilomita a awa.

Wace iska ce mai kyau?

Wadda ke busowa daga tudu zuwa teku, mara ƙarfi. Tana riƙe fuskar igiya ta tsaya sumul. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ke kawo ta, tun da daga wajenmu yake fitowa gaɓar kuma kudu take kallo. A damina sai dai ka nemi sassafe, kafin ƙasa ta yi zafi ta fara jawo iskar teku.

Kwana uku kaɗai zan yi a Lome kafin kaya su fito, kuma ina son in gwada hawan igiya da allo. Wace rana, wane lokaci?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Da farko kada ka tsayar da rana tun kana Yamai mako biyu kafin tafiya. Hasashen igiyar nesa yana da ɗan tabbas zuwa kwana uku ko huɗu, domin ta riga ta kamo hanya, amma hasashen iska kusa da gaɓa yakan canza cikin yini guda. Duba da daren da za ka kwana, ka sake dubawa bayan sallar asuba.

Cikin kwana ukun, in kai sabon hannu ne, ɗauki ranar da tsayi ya fi ƙanƙanta, ƙasa da mita 1 in an samu, da tazara wajen sakan 8 zuwa 10. A ce ranar farko an rubuta mita 1.2 da sakan 8, ta biyu mita 1.2 da sakan 14: ta biyun ta gwanaye ce, kai bar musu. Amma ko ta farkon ma da sharaɗi, domin sakan 8 da iskar kilomita 25 a awa daga teku ruwa ne a dagule, fari-fari ko'ina, igiya na faɗuwa ba tsari, ba abin da za ka koya sai shan gishiri. Ƙasa da kilomita 15 a awa ake so. Yawanci hakan na samuwa daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9 ko 10, sai dai a tsakiyar Yuli da Agusta akwai ranakun da iskar kudu maso yamma ba ta kwanta ko da dare, ka wayi gari ruwan ya riga ya ɓaci. Idan ka tarar da haka duk kwana ukun, to ka haƙura, babu asara a ciki.

Sai cika da janyewar teku. Sau biyu yake cika a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kullum kuma yana jinkirta wajen minti 50. Bambancin cika da janyewa a wannan gaɓa bai kai mita 2 ba, amma ya isa ya canza komai, domin igiya tana fashewa ne idan zurfin ruwa ya kusa daidai da tsayinta, ɗan sama kaɗan. Gaɓar nan tana da gangare sosai. Idan teku ya cika, igiya na iya tsallake tudun yashin da ke ciki ba ta fashe ba, ta zo ta dunƙule ta faɗo gaba ɗaya a bakin rairayi, a ruwan da bai kai gwiwa ba. Wannan ita ke karya wuya da kafaɗa da allo. Idan kuma ya janye sosai, igiya ta koma fashewa can kan tudun, wanda ya fi daɗin hawa, amma a lokacin ne ruwan da ke komawa ciki ya fi ja. Shi ya sa galibi ake cewa tsaka-tsaki, teku na cikin hawa, wajen awa 2 zuwa 3 bayan ƙarshen janyewa. Galibi na ce. Tudun yashi ba dutse ba ne, babbar igiya ta kwana biyu tana iya kwashe shi ta ajiye wani wuri, wurin da ya yi kyau a watan jiya yau ya zama rami. Ka duba kwanan wata na Musulunci ma: wajen tsayuwar wata da wajen 14 zuwa 16 cika ta fi yawa janyewa ta fi nisa, ruwa ya fi gudu, wajen 7 da 22 abin ya fi sauƙi.

Kula da agogo. Lome tana bayan Yamai da awa ɗaya, Kwatano kuwa lokacinmu ɗaya. Mutum ya karanta jadawalin Lome da agogon Nijar, ya zo awa guda kafin lokaci, ya ce hasashe ƙarya ne.

Bayan duk wannan, idan ka isa bakin ruwa ka zauna minti 20 kana kallo, allo a ajiye. Igiyar nesa rukuni-rukuni take zuwa: a yi shiru na wasu mintoci, sai manya uku zuwa shida su biyo juna. Wanda ya kalli minti biyu ya shiga, shirun ya gani. Ƙirga rukuni biyu ko uku, ka ga mafi girmansu, ka tambayi kanka ko za ka iya da ita, domin da ita za ka haɗu. Ka gai da masunta ka tambaye su, su ne ke tura kwale-kwale ta cikin wannan igiya kowace safiya, sun san inda rami yake a wannan makon. In suka ce kada ka shiga nan, magana ta ƙare, ko me wayarka ta nuna.

Na ga wani wuri lumui, babu igiya, ruwan ya yi duhu. Nan ya fi aminci ko?

Subhanallahi, nan ne ya fi kowane wuri haɗari, kuma sau nawa za a faɗa! Ruwan da igiya ta tara a gaɓa dole ya koma, sai ya haƙa kwari tsakanin tudun yashi biyu ya bi ta nan da gudu. Zurfin kwarin ne ya hana igiya fashewa, shi ya sa kake ganin wurin kwance. Alamominsa: ruwa ya fi duhu ko ya yi launin ƙasa, kumfa da leda suna tafiya cikin teku maimakon gaɓa. Gudunsa na iya wuce mita 2 a sakan, gwanin ninkaya ma ba ya cin sa gaba da gaba. Gefen shingayen duwatsun da aka jera don tare zaizayar ƙasa, kamar na gabashin Kwatano, shi ma irin wannan ja yake yi. Nisance su.

To idan ya riga ya ɗauke ni fa?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba ƙasa yake ja ba, ciki yake ja, kuma ƙarfinsa na mutuwa bayan layin da igiya ke fashewa. Kada ka yi kokawa da shi zuwa gaɓa, gajiya ce ke kashewa. Kwanta rigingine ka yi numfashi, ruwan gishiri ya fi na kogi ɗaukar jiki. Ɗaga hannu ɗaya a gan ka. In da sauran ƙarfi, yi ninkaya a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, zuwa inda farin kumfa yake, faɗinsa sau da yawa bai wuce mita 30 ba, igiya za ta taimaka ta turo ka. Idan da allo a hannunka kada ka sake shi. Na tudu kuma kada ya faɗa da hannu wofi don ceto: jefa jarka rufaffiya, ko tayar mota ta ciki mai iska, ka kira masunta.

Wane allo zan nema?

Na soso, mai taushi, tsawon mita 2.4 ko sama, da maɗaurin ƙafa. Gajeren allo mai tsini bar shi sai ka shekara. Kada ka taɓa sa allo tsakaninka da igiya, zai dawo maka a fuska. Ka faɗi, rufe kai da hannu biyu kafin ka ɗago, kuma kada ka yi tsalle da kai a gaba.

A ina ya fi dacewa a koya?

Gaskiya gaɓar Togo da Benin ba ta da sauƙi ga mai farawa, Giran Popo musamman. Busuwa a Gana, Tarkwa Be a Legas inda shingen tashar jiragen ruwa ya kare wurin, da Yof a Dakar sun fi, kuma akwai masu koyarwa.

Mu ba shiga za mu yi ba, hoto kawai da yara a bakin ruwa.

Hajiya, a nan ake yawan asara. Ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya nauyinsa tan guda ne, kuma a gangaren nan idan ya hau yana komawa da gudu yana zare yashi ƙarƙashin ƙafa. Zane da hijabi da babbar riga in sun jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafafu. Ku tsaya inda yashi ya bushe, sama da layin da ruwa ya jiƙa, kada kowa ya ba teku baya don hoto, ƙaramin yaro kuma hannunsa cikin naki. Da yamma bayan la'asar, lokacin da jama'a suka fi cika wurin, shi ne lokacin da iska ta fi dagula ruwan.

Na shiga daidai inda na ajiye takalmi, na fito can nesa. An sace ni ne ko me?

Igiyar tana zuwa a karkace daga kudu maso yamma, sai ta tura ruwa da yashi gabas, daga wajen Gana zuwa wajen Najeriya. Shi ya sa yashi ya taru yamma da tashoshin jiragen ruwan Lome da Kwatano, teku kuma ke cin ƙasa gabas da su. Kafin ka shiga, zaɓi alama a tudu, bishiyar kwakwa ko rumfa mai launi, kana waiwayenta. Ka ga ka wuce ta da mita 50, fito, taka a ƙasa ka koma yamma, sannan ka sake shiga.