Ciwon cikin ranar jarrabawa ba ƙarya ba ne

Iyaye da malamai, sau nawa yaro ya tashi ranar jarrabawa yana dafe da ciki, ko ya ce kansa na sarawa, aka ce masa lalaci ne, ya tashi ya shirya? Mu ma'aikatan lafiya muna ganin irin waɗannan yara. A auna su babu zazzaɓi, amma ciwon na gaske ne. Idan fargaba ta kama mutum, jikinsa na sakin sinadaran adirenalin da kotisol, sai zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi, ciki ya murɗa. Kaɗan daga cikin wannan yana da amfani, shi ke sa ɗalibi ya zage damtse. Illar tana zuwa ne idan abin ya zauna masa makonni.

Abin da ya fi damuna shi ne barci, domin shi ɗalibai ke fara sadaukarwa. Yaro ya kwana yana hadda, ido jajur, gari ya waye ya zauna gaban takarda, abin da ya karanta duk ya gudu. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka koya, kuma ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 kowane dare. Karatu kaɗan-kaɗan kullum, da ɗan hutu a tsakani, ya fi zama a kai fiye da kwanan zaune. A ajiye waya kafin a kwanta. Kada kuma a hana shi wasa da sunan jarrabawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 60 a kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17.

Don Allah a rage "dubi ɗan wane, shi ya zo na ɗaya". Wannan magana nauyi take ƙara wa yaro. Ku tambaye shi wane darasi ke ba shi wuya, ku saurare shi har ya gama, sannan ku ga malaminsa.

Hukumar ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Idan yaro ya daina cin abinci, ya janye daga abokai, barci ya gagare shi, ko ya ƙi makaranta, har abin ya kai mako biyu, ku kawo shi asibiti. In kuwa ya furta cewa gara ya mutu, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kawo shi a ranar.