Aikin cikin makaranta a jami'o'in Amurka: tambayoyin da ƙannenmu ke yawan yi

Duk shekara da lokacin neman biza ya zo tambayar ɗaya ce, wai in mutum ya isa can zai samu aikin da zai riƙe kansa? Ga amsa dalla-dalla.

Mai bizar F-1, wato bizar ɗalibai, an yarda ya yi aiki?

An yarda, amma a cikin jami'ar da yake karatu, kuma kada ya wuce awa 20 a sati in ana zangon karatu. Lokacin dogon hutu zai iya yin cikakken aiki. Awa 20 ɗin nan fa jimilla ce, in kana aiki biyu haɗa su ake yi a ƙirga, ba kowanne da nasa ashirin ba.

Wane irin aiki ake samu?

Laburare, ɗakin kwamfuta, teburin karɓar baƙi a hostel, wurin motsa jiki, ko koya wa 'yan ajin ƙasa lissafi. Wanda ya fi saurin samuwa shi ne ɗakin cin abinci, wanke-wanke da zuba abinci da goge tebur, kuma ni dai ban ga abin kunya a ciki ba, gumin halak ne. Abin da zan ce kawai, tun ranar farko ka gaya wa ogan wurin ba ka son ɓangaren naman alade, kuma a bar maka azahar ɗin Juma'a, in ka faɗa da wuri kafin a tsara jadawali ya fi sauƙi.

Na ga an rubuta Federal Work-Study a tallar aiki, ni ma zan nema?

A'a, nan ne mutanenmu ke ɓata lokaci. Wannan shirin gwamnatin tarayyarsu ne, an kafa shi a 1964 zamanin Shugaba Lyndon Johnson cikin shirinsa na yaƙi da talauci, kuma sai ka cike fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati da ake kira FAFSA an ga kana da buƙata, wanda ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin ne ke cin moriyarsa, mai F-1 ba ya ciki. Gwamnati ce ke biyan kaso mafi tsoka na albashin, shi ya sa sashe da yawa suka fi son ɗaukar irin waɗannan ɗaliban don sun fi musu araha. Kai ka nemi aikin da jami'a ke biya daga aljihunta.

To kuɗin zai biya min kuɗin makaranta?

Ba zai biya ba, don Allah a cire wannan a rai. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, wasu jihohi irin su Kalifoniya nasu ya haura ninki biyun haka. A ce ana ba ka dala 12, sau 20 ya zama 240 a sati, wajen 960 a wata kafin a cire haraji, in ka juya shi zuwa naira sai ka ga kamar ka haye, amma hayar ɗaki da abinci da inshorar lafiya da rigar sanyi duk da dala za ka biya su, ga 'yan gida sun ji kana aiki sun fara turo buƙatu. Abin da ke ɗauke kuɗin makaranta shi ne gurbin mataimakin malami ko mataimakin bincike ga masu digiri na biyu da na uku, sau da yawa ana yafe kuɗin karatu a haɗa da alawus na wata. Wannan tun kana gida ake nemansa, lokacin cike takardun shiga.

In na ɗan yi aiki a shago a waje a ɓoye fa?

Kada ka fara. Aikin waje ba izini karya sharaɗin biza ne, ana iya soke rajistarka a SEVIS, wato rumbun gwamnati na bayanan ɗaliban ƙasashen waje, kuma karatun ya tsaya nan. Akwai hanyar halak, CPT da OPT, wato izinin yin aiki don samun horo a fannin karatunka, galibi sai ka cika shekara ɗaya ta karatu kuma aikin ya shafi fanninka.

Da na sauka me zan fara yi?

Ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje a satin farko, sannan ka duba shafin ayyuka na jami'ar kafin a cike guraben. Da takardar ɗaukar aiki ce za ka nemi lambar SSN, wato lambar shaida ta gwamnati da ake amfani da ita wajen albashi da haraji.