Tambayoyin da ake ta maimaita mini kan Shehu Shagari

Duk shekara idan 28 ga Disamba ta zagayo, ranar da tsohon shugaban ƙasar Najeriya Alhaji Shehu Shagari ya rasu a 2018, sai saƙonni su yi mini yawa, kuma tambayoyin nan dai su ne ba sa canzawa. Ga amsoshin, don Allah a adana.

Wai soja ne?

A'a. Malamin makaranta ne kafin ya shiga Majalisar Wakilai a 1954 ƙarƙashin jam'iyyar NPC. Haba, ɗalibin jami'a ya yi wannan tambayar?

Shagari sunan mahaifinsa ne?

Sunan garinsu ne a jihar Sakkwato, can aka haife shi a 1925. Mahaifinsa Aliyu.

Wa ya kifar da gwamnatinsa?

Sojoji, ranar 31 ga Disamba 1983, wata uku kacal da rantsar da shi karo na biyu. Janar Muhammadu Buhari ya hau.

Da gaske ne bai ci zaɓen 1979 ba, kotu ce ta ba shi?

To, nan sai a natsu. Doka ta ce bayan rinjayen ƙuri'u, dole ɗan takara ya samu kashi 25 cikin ɗari a aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari na jam'iyyar NPN ya fi Awolowo na jam'iyyar UPN ƙuri'u, wannan ba a jayayya a kansa, kuma ya cika sharaɗin a jihohi 12. A Kano, inda Malam Aminu Kano da jam'iyyarsa ta PRP suka mamaye, ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20. Awolowo ya kai ƙara kotu, ya ce jiha ba ta gutsuruwa, don haka 13 ake nema. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka a Kano rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'un kawai ake buƙata, wato kusan kashi 17, kuma Shagari ya wuce haka. Kotun Ƙoli ta karɓi wannan a Satumbar 1979, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa abokan aikinsa, ya ce jihohi 13 ake nema.

Ni a ganina lissafin yana da ƙafa, amma hujjar Eso ma ba ta wasa ba ce. Mai cewa an yi hanzari don soja su miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba, ba zan ƙaryata shi ba. Mai cewa sace zaɓen aka yi ɗungurum, ya wuce gona da iri. Idan jarrabawa za ka rubuta, kawo ɓangarorin biyu, kada ka ji tsoro.

Me ya yi wa talaka?

Gidajen Shagari, waɗanda gwamnatinsa ta gina wa jama'a, suna nan a jihohi, je ka gani. Ya kuma ƙaddamar da shirin bunƙasa noma. Amma farashin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, kuma korar baƙin haure ta 1983 ta taɓa 'yan Ghana da 'yan'uwanmu na Nijar sosai. Wannan yana mini ciwo har yau.

Ya ci kuɗin ƙasa?

Ku daina yanke hukunci da jita-jita. An tsare shi har 1986, kwamitin Mai Shari'a Uwaifo ya bincike shi, bai same shi da laifin cin hanci ba. Laifin da nake ganinsa da shi shi ne sakin linzami, har wasu na kusa da shi suka yi ta wadaƙa da lasisin shigo da shinkafa yana kan kujera.