Kuza, loto da garuruwan da aka manta a kewayen Jos

Turawa ne suka gano kuzar?

A'a, kuma na gaji da maimaita wannan. Tun kafin kamfanin Neja na Turawan Ingila ya turo mutanensa a 1902, maƙeran garin Ririwan Dalma a ƙasar Bauchi suna narka ta, fatake suna kai ta kasuwanni.

Da gaske akwai ramuka a ƙarƙashin ƙasa?

Akwai. Manyan kamfanonin haƙar kuza na Turawa irin ATMN yawanci daga sama suke yaye ƙasa, shi ya bar kududdufan da kuke gani. Mai shiga ciki shi ne loto: a haƙa kamar rijiya, in an tarar da kuza a bi ta gefe. Har yau ana yi, har yau yana rufta wa mutane.

An yi mini tayin fili kusa da tsohon wurin haƙa, da araha. In saya?

Ba zan ce kada ka saya ba, don unguwanni da yawa a Bukuru da Rayfield a kan irin wannan ƙasa suke zaune lafiya. Amma arahar ce ya kamata ta sa ka tsaya. Wani filin asalinsa rami ne aka cike da turɓaya, sai damina ta yi nisa bango ya fara tsagewa. Wani kuma samansa lafiya lau, loto ya rarake ƙarƙashinsa, kuma masu loto ba sa barin taswira. Ka je wurin a watan Agusta ka ga inda ruwa ke kwanciya. Ka nemi dattawan da suka yi aikin, sau da yawa sun fi takarda sanin inda aka haƙa. Ka kawo injiniya ya gwada ƙasar kafin ka biya. Ko da gwajin ya yi kyau, iyakar inda aka huda kaɗai ya nuna, don haka a huda wuri fiye da ɗaya. Sannan kada ka yi gini da yashin da aka wanke kuza, don wani yana ɗauke da ma'adinin monazait mai fitar da tururin da ke cutar da jiki. In duk ka yi wannan, kwantar da hankalinka.

Yara za su iya wanka a kududdufan?

Haba! Bakinsu a tsaye yake, ƙasansu laka. Ku hana su.

Waɗanne ne garuruwan da aka manta?

Naraguta, inda Turawa suka fara kafa cibiyar aikin kafin Jos ta shafe ta. Sai barikokin lebura irin Bisichi, Dorowa Babuje, Gana Ropp da Sabon Gidan Kanar. Akwai mutane a cikinsu, tarihinsu ne aka yi watsi da shi. A nan aka zuba dubban mutanen da aka kwaso aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza, sanyi da cuta suka kashe da yawa. Gonakin ƙabilar Birom kuwa aka mayar ramuka.

Me ya durƙusar da garuruwan?

Kuzar sama ta yi ƙaranci, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, farashi ya faɗi warwas a 1985.